Daga Waƙar Makafi Zuwa Wayar Hannu: Labarin Ƙarshen Duniya a Funtuwa

Waɗanda suka yi wayo a Funtuwa kafin kaset ya cika gari, daga bakin makafi suka fara jin labarin tashin alkiyama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko a bakin tasha lokacin kakar auduga, za ka ga makaho da ɗan jagoransa suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wannan ya ja baiti, wancan ya amsa. A cikin gida kuma tsofaffi na da nasu waƙoƙin wa'azi da aka gada tun zamanin jihadi: Baƙin Mari da ake dangantawa da Muhammadu Tukur, Gangar Wa'azu ta Malam Muhammadu Na Birnin Gwari, da waƙoƙin Nana Asma'u kan sharuɗɗan kiyama da tsoronta. Ba a sassauta wa kowa a cikinsu. Ga ƙuncin kabari, ga tambayar Munkar da Nakir, ga rana an kusanto da ita har gumi ya kai wa wani wuya, ga mizani, ga siraɗi. Yaron da ya ji wannan bayan isha'i, barcinsa sai ya zama rabi da rabi.

Abin da na fi tunawa a cikinsu shi ne wanda ake tuhuma. Kai ne, mai saurare. Mai tauye mudu, mai cin gonar maraya, alƙalin da ya karɓi toshiyar baki, mai yi da mutane, mai wasa da sallah. A garin auduga irin namu, mai wa'azi kan ƙara da wanda ke yayyafa wa audugarsa ruwa ko ya cusa mata yashi kafin a kai fuloti don ta yi nauyi a sikeli. Mutum kan tashi daga wurin yana lissafin kansa, ba na wani ba. Tsoron yana da aikin yi: ya sa ka mayar da kayan mutane, ka nemi yafiyar maƙwabci.

Dujal yana nan a labarin, amma babi ɗaya ne cikin babuka da yawa. Malaman tafsiri kan kawo hadisin Tamimud Dari da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ko marubucin labarin ban tsoro zai yi sha'awar tsarinsa: jirgin ruwa da igiya ta yi ta wasa da shi wata guda, tsibirin da ba wanda ya san shi, dabba mai yawan gashi da ake kira Jassasa, sannan wani ƙaton mutum ɗaure da sarƙa, wato Dujal, yana tambayar baƙi labarin dabinon Baisan da tafkin Ɗabariyya. Daga nan a ce mai ido ɗaya ne, kwana 40 zai yi a duniya, yini na farko kamar shekara, na biyu kamar wata, na uku kamar mako, kuma Annabi Isa ne zai kashe shi a ƙofar Luddu. Sai malam ya rufe da maganin abin: a haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, a nemi tsari daga fitinarsa a ƙarshen kowace sallah. Shi ke nan, a wuce gaba. Ba a ce ga ranar ba, ba a ce ga mutumin ba.

Wannan kamun bakin ba banza ya zo ba. Ƙasar Hausa ta taɓa biyan kuɗin sa wa ƙarshen duniya rana, kuma da jini ta biya. Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha a ƙarni na 15, ya rubuta wata ƙaramar risala yana cewa al'ummar nan za ta wuce shekara 1000 amma ba za ta haura 1500 ba. Lissafin ya shiga zukatan malamanmu sosai. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mutane da yawa sun ɗauka shi ne Mahadi, har ya rubuta Tahzirul Ikhwan yana kore wannan da kansa, yana kuma gargaɗi a kan masu da'awar Mahadiyya. Duk da haka, da shekarar Hijira ta 1300 ta ƙarato, Muhammad Ahmad ya tashi a Sudan a 1881 ya ce shi ne Mahadi, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, dubban talakawa suka bar gonaki suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, da yawansu da imanin cewa lokaci ya yi. Tafiyar ta ƙare a Burmi. A 1906 aka shafe garin Satiru daga doron ƙasa bayan boren da aka yi da sunan Mahadi.

Namu zamanin ma ya ga nasa. Ranar 20 ga Nuwamban 1979, ranar farko ta shekarar 1400, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka kama Masallacin Ka'aba da bindigogi suna cewa Mahadi ya bayyana, aka yi mako biyu ana ɗauki-ba-daɗi. A rediyo muka ji, kuma ban manta yadda dattawa suka yi jugum ba. Shekara guda bayan haka, a Disambar 1980, Kano ta rasa mutum fiye da 4,000 a rikicin Maitatsine, mutumin da ya tara almajirai a kan cewa zamani ya riga ya lalace, rediyo da agogo da keke duk kayan halaka ne. A Janairun 1993 Funtuwa da kanta ta ɗanɗana ragowar wannan wuta a rikicin 'yan Ƙala-ƙato.

To ana cikin haka kasuwa ta shigo cikin zancen. Da farko takarda ce, wasiyyar nan ta Shehu Ahmadu, wai mai gadin kabarin Manzon Allah, wai ya yi mafarki an faɗa masa adadin waɗanda suka mutu ba a kan imani ba cikin mako guda, kuma kiyama ta kusa. A ƙasanta an rubuta cewa wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya yar zai ga masifa. Malamai irin su Sheikh Bin Baz sun fito fili sun ce ƙarya ce tsagwaronta, amma ba ta mutu ba; masu injin kwafi sun ci kuɗi da ita, yau kuma tana yawo a WhatsApp da sabon kwanan wata. Daga takarda aka koma kaset. A rumfunan tasha, inda motocin Zariya da Gusau da Katsina ke haɗuwa, lasifika na tashi da wa'azin alamomin tashin kiyama. Da aka fara yaƙin Gulf a 1991 sai kowa ya zama mai fassara alamu. An raɗa wa jarirai suna Saddam. Wasu marubutan Masar suka ce shi ne Sufyani da ake jira, wasu suka ce Dujal yana zaune a tekun Bamuda, maganganun suka gangaro har majalisun garinmu. An rataye Saddam ranar 30 ga Disambar 2006, ba wanda ya fito ya ce lissafinsa ya karye. Aka dai nemi sabon suna aka sa a gurbinsa.

A daidai waɗannan shekaru, can Amurka, wasu mutum biyu suka mayar da irin wannan tsoro ƙagaggen labari. Tim LaHaye, fasto ne, da Jerry B. Jenkins, marubuci, suka fitar da Left Behind a 1995. Labarin ya fara ne cikin jirgin sama da dare: fasinjoji sun ɓace bat, tufafinsu kawai suka rage a kujeru, domin an fyauce muminai zuwa sama, an bar sauran su sha shekara bakwai ta ƙunci. Wani ɗan siyasar Romaniya mai daɗin baki, Nicolae Carpathia, ya zama shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ashe shi ne Magabcin Almasihu. Matuƙin jirgin da wani ɗan jarida suka haɗa ƙungiyar ɓoye suna yaƙarsa. Littattafai 16 aka yi zuwa 2007, an sayar da kwafi fiye da miliyan 60, an yi fina-finai, har da wanda Nicolas Cage ya fito a 2014. A hannun wani abokin aikina Kirista, Bahaushe ɗan ƙasar Kafur, na fara ganin littafin. Shi ya nuna mini cewa ba duk majami'u suka yarda da wannan fassara ta Wahayin Yahaya ba, ra'ayi ne da ya yi ƙarfi daga ƙarni na 19, kuma Katolika ba sa koyar da shi haka. Na karanta, kuma gaskiya labarin yana riƙe mutum. Sun san inda za su yanke babi ka kasa ajiyewa.

Sai dai akwai abin da ya dame ni a ciki, wanda daga baya na gane shi ne ciwon wannan nau'in adabi duka. Mai karatu ba ya cikin masu laifi. Yana cikin 'yan tsirarun da suka gane sirri, yana kallon duniya na ƙonewa daga tudun mun tsira. Mugu kullum wani ne, baƙo ne, mai wani addini ko wata ƙasa. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 abin ya ƙara fitowa fili: Joel Rosenberg ya rubuta The Twelfth Imam a 2010, inda Mahadin da 'yan Shi'a ke jira ya zama mugun labarin. A ɓangarenmu kuma masu bidiyo suka mayar da duk wani Bayahude da Bature sojan Dujal. Kowane ɓangare ya ɗauki wanda ɗayan ke jira ya sa masa ƙaho. A Amurka wannan na iya tsayawa a kan shiryayyen kanta. A nan, inda Musulmi da Kirista ke sayen taki a shago ɗaya daga Funtuwa har Malumfashi, inda kuma rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya iso har garinmu aka ƙona majami'u, ba ƙaramin abu ba ne ka koya wa yaro cewa maƙwabcinsa rundunar ƙarshen zamani ce.

Me ya sa Hausa ba ta yi nata Left Behind da ya yi tashe ba? Ba don rashin marubuta ba ne. Funtuwa ce ta ba adabin Hausa Bilkisu Salisu Ahmed, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni, littattafan da suka zaga ɗakunan matan aure daga nan har Nijar. Kano ta cika kasuwa da littattafan soyayya da na yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da aljanu da matsafa da takubba. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ƙarfin ƙirƙira yana nan. Abin da ya tsare hanya shi ne kunya da tsoron Allah: wane marubuci ne zai sa wa Annabi Isa magana a baki, ko ya ƙaga wa Mahadi zance, ya ce ga abin da ya faɗa a shafi na 40? Ko shi bai ji tsoro ba, masu karatu da malamai ba za su bar shi ba. Ina girmama wannan kamun kai, kuma ina ganin daidai ne.

Amma ƙishirwar labarin ba ta tafi ko'ina ba. Da aka rufe mata ƙofar littafi sai ta shigo ta taga, sanye da rawanin wa'azi. Wajen 2008 wani jerin bidiyo mai suna The Arrivals ya fito a intanet, ba a jima ba ya zama faifan CD a hannun masu talla da kwamfutocin ɗalibai. Kiɗa mai sa gaba faɗuwa, yankakkun hotuna daga fina-finan Amurka, idon da ke kan dalar da aka zana a takardar dala, mawaƙin da ya rufe ido ɗaya a hoto, sai aya, sai hadisi, sai kuma hoton bene a Dubai. Duk dabarun labarin ban tsoro suna ciki: ƙungiyar asiri, alamar da ba kowa ke gani ba, lokaci na ƙurewa. Abu ɗaya kawai babu, wato rubutun da ke cewa wannan ƙagagge ne. Wanda ya sayi littafin LaHaye ya san daga shiryayyen ƙagaggun labarai ya ɗauko shi. Ko da Netflix ta fitar da Messiah a Janairun 2020, mutane suka yi ca suna cewa Dujal ake tallatawa, aƙalla kowa ya san fim ne, ana iya musu da shi, kuma bayan zango ɗaya aka dakatar. Shi kuwa saurayin da ke kallon bidiyon minti uku a TikTok, da muryar Hausa mai amo a kai, ya ɗauka ilimi yake sha. In ka yi masa gardama sai ya ce da hadisi kake ja.

Alhali yawancin ƙawar da ake yi wa labarin ba daga ingantattun hadisai take ba. Sunayen garuruwa dalla-dalla, jerin yaƙe-yaƙe, baƙaƙen tutoci da shekarun da za a yi kaza, da yawansu daga littattafai irin Kitabul Fitan na Nu'aimu bin Hammad aka kwaso su, wanda malaman hadisi tun da can suka ce yana cike da ruwayoyi masu rauni. Malaman zaure da suka karantar da mu sun san wannan aiki, suna raba ingantacce da jabu yadda injin gurza ke raba auduga da gurya. Waya ba ta gurza komai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi yawo, kuma mai shafin yana samun kuɗi gwargwadon yawan masu kallo. Na ji an ce allurar korona alamar Dujal ce, a coci kuma an ce ita ce 666, alamar Magabcin Almasihu. Na ji an faɗi haka a kan lambar NIN, da kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Mun riga mun ga inda irin wannan zargi ke kai mu: ƙin allurar shan inna a 2003 ya bar yara da yawa a gurgunce. Masu ɗaukar makami ma sun san daɗin labarin. Ba banza ƙungiyar IS ta sa wa mujallarta suna Dabiq a 2014 ba, garin da ruwaya ta ambata a yaƙin ƙarshen zamani, kuma ita ce Boko Haram ta yi wa mubaya'a a 2015.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne gida. Shekarun nan ƙasarmu ta noma ta ga abin da ko a mafarki ba mu zata ba. Faskari, Sabuwa, Dandume, Ƙanƙara. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau. Manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. In ka zauna wurin gaisuwar mutuwa, ba za a jima ba wani zai nisa ya ce, "Malam, ai ƙarshen zamani ne, an faɗa." Ba ƙarya ya yi ba. Hadisi ya zo da cewa kisa zai yawaita, har wanda ya kashe bai san dalili ba, wanda aka kashe ma bai sani ba. Ban taɓa jin haushin mai makoki da ya jingina da wannan magana ba. Wani lokaci ita kaɗai ce ke hana zuciya fashewa.

Wanda nake jin haushinsa shi ne mai amfani da ita don a rufe bincike. Domin abin da ya same mu yana da sanadi, kuma sanadin yana da suna. Wannan yanki ne Bankin Duniya ya zaɓa a 1975, tare da Gusau da Gombe, don gwajin farko na shirin bunƙasa noma, aka kawo taki da irin masara da hanyoyin karkara. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugarmu suka yi ta rufewa bayan 2000. Burtali ya zama gona, makiyayi ya rasa hanya, aka yi ta zaluntarsa a kotu da ofishin 'yan sanda ba mai jin kukansa, aka sace masa shanu, shi ma wani ya ɗauki bindiga. 'Yan sa-kai suka yi hukunci ba shari'a, ramuwa ta haifi ramuwa. Akwai mai kai wa daji fetur da burodi, akwai mai sayen shanun sata da araha, akwai infoma a cikin unguwa, akwai mai sayar da harsashi. Ko ɗaya cikinsu ba daga tsibirin Jassasa ya fito ba. Ido biyu gare su, kuma wasunsu sahu ɗaya muke tsayawa. Wa'azin makafi na da zai kira su ɗaya bayan ɗaya da laifinsu. Bidiyon yanzu kuwa ya ɗauke idon saurayi daga kansu ya kai shi kan takardar dala.

Akwai kuma hadisin da ban cika jin masu waɗannan bidiyoyi sun kawo ba, wanda Imam Ahmad ya ruwaito: ko kiyama ta zo tsayawa, in akwai dashen dabino a hannunka kuma kana da halin dasawa, ka dasa. Manoman Danja da ke fita noman rake da tumatir da fargaba a ciki, da matan da ke surfe a gidajen 'yan'uwa a Funtuwa bayan an kore su daga ƙauye, su ne ke aiki da shi, ko sun san lafazinsa ko ba su sani ba.

Muna shekarun 1440 da wani abu na Hijira yanzu. Shekarar 1500 da Suyuɗi ya ambata za ta faɗo wajen 2076, kuma tun kafin nan masu lissafi za su yi ta fitowa, kowa da ranarsa, duk da Alƙur'ani ya faɗa ƙarara cewa sanin Sa'a na wurin Allah shi kaɗai. Yaran da ke firamare yau a Bakori da Kafur su ne za su sha wannan guguwa. Shi ya sa nake fatan wani daga cikin matasan marubutanmu, waɗanda yanzu ke sakin labari babi-babi a waya, ya ɗauki wannan tsoro ya yi masa littafi na gaskiya, ya rubuta a bangonsa ɓaro-ɓaro cewa ƙagaggen labari ne. Ba sai ya taɓa Annabi ko Mahadi ba. Ya kafa labarin a wani ƙauye na bakin dajin Faskari, a daminar da aka hana shuka. Ya sa mai wa'azin da ya yanke wa duniya rana, mutane suka sayar da iri da shanun huɗa suka bi shi. Ya sa limamin da ya ƙi yarda, aka daina bin sa sallah. Ya sa ɗan kasuwar da ke saye gonakin masu gudu a rabin kuɗi, da malamar asibiti Kirista da ta ƙi barin garin, da yaron da ke kai wa daji labari saboda kuɗin cajin waya. Ranar da aka yanke ta zo, rana ta fito daga gabas yadda ta saba, sai marubucin ya bi mutanen nan gida-gida ya nuna mana abin da kowannensu ya yi da safiyar.